Asabar, ni da Auta da maganar RAM

Ko karin kumallo Auta bai bari na gama ba. Kuɗin ya cika, yau za a je kasuwa sayo kayan haɗa masa kwamfutar gem. Umma ta bi mu da addu'a har bakin ƙofa, ta ce mu dawo kafin la'asar. A cikin adaidaita sai dariya muke, yana lissafa min gem ɗin da zai fara sakawa, na ƙwallo ne kan gaba kamar kullum.

Da muka zauna a shagon sai ya ciro takarda daga aljihu. Ashe ya yi nasa lissafin ban sani ba: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 7600, madabod (allon da ake ɗaura komai a kai) B650, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) samfurin DDR5 mai gudun 6000 guda biyu, masu fitila. Rubutu tsaf, kowane kaya da farashinsa a gefe. Na duba na ce Auta, idan ka sayi waɗannan, da me za ka sayi katin girafik, mai fitar da hoton gem a sikirin? Abin da zai rage sai dai tsohon kati na hannu, wanda ba mu san wahalar da ya sha ba.

Na kawo nawa tsarin: furosesa Ryzen 5 5600 a kan madabod B550, RAM samfurin DDR4 (wanda ya girmi DDR5) mai gudun 3200, gigabait 8 guda biyu. Furosesan na zuwa da fankarsa a kwali. Rarar kuɗin a zuba a katin girafik RX 6600 sabo, da fawa safulai (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) mai wat 650 na kirki, domin da irin wutar unguwarmu ba a wasa da wannan ɓangaren. A gem kati ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma a sikirin ɗinsa na 1080 da wuya idonsa ya rabe DDR4 da DDR5. Har yanzu ina kan wannan ra'ayin.

Ya ce, "Yaya, AM4 fa, gurbin da furosesan da ka zaɓa ke zama a madabod, tun 2016 yake. AM5, gurbin wanda na zaɓa, a 2022 ya fito, kuma kamfanin AMD masu ƙera furosesan sun ce za su ci gaba da shi har 2027 ko fiye. In na samu kuɗi gaba, furosesa kawai zan canza." Gaskiya ya faɗa. DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5, tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba, don haka ranar da zai tashi daga AM4, madabod da RAM da furosesa duk tare za su tafi. Na san haka sarai. Amma maimakon in ce masa ya yi gaskiya, sai na ce, "Kai dai bari, na fi ka sanin harkar nan." A gaban mai shago da yaransa biyu na faɗa.

Ya yi shiru, ya ninke takardarsa gida huɗu. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Kuɗina ne fa, Yaya." Sannan ya ce wa mai shago a kawo abin da na faɗa.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Shekara biyu yaron nan yana sayar da data yana cajin wayoyi a bakin layi, ko kuɗin ɗinkin sallar bara cikin asusun ya jefa. Darare nawa ya yi yana karatu kafin ya cika takardar nan? Ni ko tambayarsa ban yi ba me ya sa yake son AM5, sai da ya faɗa da kansa, kuma da ya faɗa na danne shi da girma. Wataƙila da ya yarda ya yi wata shida da ƙaramin kati don ya samu ginshiƙin da yake so. Zaɓi ne mai ma'ana, kuma nasa ne.

Wuri ɗaya muka haɗa baki. Mai shago ya so ba mu RAM guda ɗaya mai gigabait 16, ya ce ai duk ɗaya ne. Kafin in buɗe baki Auta ya ce a'a, biyu muke so, don su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Na ji daɗi, na dube shi, bai dube ni ba.

Haɗawa bayan magariba. Shi ya saka RAM ɗin a gurbi na biyu da na huɗu, ban nuna masa ba. Kwamfutar ta tashi a bugun farko. BIOS, wato shafin saitin madabod, ya nuna gudun RAM 2133, Auta ya kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, ta koma 3200. Muna cikin saka Windows aka ɗauke wuta. Sitabilaiza sai wata mai zuwa.

Umma ta tambaye shi ko ya samu abin da yake so, ya ce alhamdulillahi, ya shige ɗaki.

Mai shago ya ce yana karɓar canji cikin kwana uku idan kaya bai lalace ba kuma kwali na nan. Ban tabbata zai karɓi wanda aka riga aka ɗaura ba, amma kwalayen duk na tattara su a ƙarƙashin gadona, har da ledojin. Takardarsa na tsinta a kan tabarma, tana nan a aljihuna. Gobe bayan asuba zan miƙa masa, in tambaye shi wanne yake so.