Bakan gizo a cikin kwamfuta

Wani Alhaji a Agege, Legas, ya ba ni aikin zana masa barandar gida a SketchUp, manhajar zanen gini a kwamfuta. Ginshiƙai huɗu yake so, da baka a tsakaninsu, wato gini mai lanƙwasa kamar bakan gizo, irin na zaurukan gida Kano, ba irin na kantuna ba.

Ginshiƙi bai ba ni wuya ba. Rabin siffarsa nake zanawa, gindi da wuya da kai, in zagaya da ita kan da'ira. In na mai da shi abu guda, sauran ukun kwafinsa ne, gyaran ɗaya ya wadatar wa sauran.

Baka ce ta riƙe ni. Manhajar ba ta san lanƙwasa ta gaskiya ba, gajerun layuka miƙaƙƙu take haɗawa, guda 12 in ba ka canza ba. Shi ya sa baka mai faɗi ke fitowa da kusurwoyi, sai na ƙara su zuwa 48 ta yi sumul. Wallahi abin ya taɓa ni, domin haka magina na da suke ɗaura bakan gizo: azara miƙaƙƙiya kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, sannan a lulluɓe da ƙasa. Haka shahararren maginin nan Babban Gwani ya ɗaga rufin Masallacin Juma'a na Zariya.

Alhaji ya ga hoton ya ce a fara zuba kankare. Na ce ranka ya daɗe, zanena bai san nauyi ba, ga ƙasar Legas da ruwa. Kaurin ginshiƙi da yawan rodi sai injiniya ya lissafa. Gobe za mu kai masa.