Na ce mata ba mai ji

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis bayan shekara 11 ina koyarwa. Abokan aiki sun ce in rubuta wa sababbin malamai 'yar nasiha. Da na ɗauki biro, magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai.

Wata Alhamis da yamma wata ɗalibar ajin ƙarshe ta tsaya a bakin ƙofata, ta rungume fayil a ƙirji, ta kasa zama. Ta ce, "Malama, in na faɗa miki wata magana, ba za ki gaya wa kowa ba?" Ban ko yi tunani ba na ce, "Zauna, 'yata, ba mai ji." Sai ta ba ni labarin abin da malamin da ke duba aikin bincikenta ya yi mata ranar Talata da dare, bayan ya kulle ofis.

Alkawarin nan ba ni da ikon yin sa. Ƙa'idar jami'armu a rubuce take: malamin da ya ji irin wannan labari na cin zarafin ɗaliba wajibi ne ya sanar da ofishin da aka ɗora wa alhakin karɓar ƙorafi. Likita da mai ba ɗalibai shawara kaɗai aka yarje wa su riƙe sirri. Haka tsarin yake a jami'o'in Amurka da dama, ƙarƙashin dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a harkar ilimi. Da na san aikina, da tun kafin ta buɗe baki na ce, "Dakata, ni in na ji dole in kai gaba. In kina son wanda zai riƙe miki, zo in raka ki wurinsa." Da zaɓin ya zauna a hannunta, ita da aka riga aka ƙwace wa zaɓi sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da na yi da wadda ban yi ba. Na ce mata, "Me ya kai ki ofishinsa a wannan lokacin?" Ina kallo fuskarta ta canza. Amma ban tambaye ta ko ta je asibiti ba. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ma da wuri ya fi aiki, kuma bayan kwana 5 ya wuce. Lokacin da take gabana awa 48 ba ta cika ba. Na ce ta je ta huta. Ni kuwa na kwashe kwana uku ina juyi tsakanin alkawari da ƙa'ida, lokacinta yana ƙarewa. Gwajin da aka yi daga baya ya fito lafiya, Allah ne ya tsare ta, ba dabarata ba.

Ranar Litinin, maimakon in nufi ofishin da ya dace, kuma in fara sanar da ita, sai na je wurin shugaban sashe, don shi muka saba kai wa komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai matsala." Ya saurare ni yana juya makullin motarsa, sannan ya ce, "Malama, mutumin nan yana da iyali. A kashe maganar a cikin gida." Kafin rana ta raba, wanda ake zargi ya ji. Aikin yarinyar ya yi wata biyu a kan tebur ba wanda ya taɓa. Da na matsa, aka fara cewa ina neman ɓata sunan sashe, aka cire ni daga kwamiti biyu. Na kai maganar inda ya kamata daga baya, amma an riga an shirya amsoshi.

Mun haɗu da ita a kan bene. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, kin ce ba mai ji."

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Ka rubuta abin da aka faɗa maka da kalmomin mai maganar, da rana da lokaci. Bincike ba aikinka ba ne, kada ka je ka tuhumi kowa. Sauya wa ɗaliba mai duba aiki ko ɗaga mata jarrabawa ba ya jiran hukuncin kwamiti. Maza ma suna zuwa da irin wannan, kuma sun fi daɗewa kafin su furta. Tun daga ranar ɗalibai 6 sun zo mini, babu wanda na yi wa alkawarin da zan karya, kuma babu wanda ya bar ofishina ba mu yi maganar asibiti ba.

Shugaban sashen nan ya samu ƙarin girma. Yarinyar ta kammala bayan 'yan ajinsu da shekara guda, ba ta zo mini sallama ba, ban kuma ga laifinta ba. Wanda zai gaji ofishina, in ya ja aljihun tebur na sama zai ga takarda a manne, da lambar asibitin jami'a da ta ofishin ƙorafi. Don Allah kada ya ɓare ta.