Sabon malami, kar ka fara da ihu

Makon jiya wata ƙanwata da ta samu aikin koyarwa ta kira ni muryarta duk ta dishe, wai kwana huɗu kacal da fara shiga aji amma har ta fara tunanin ajiye aikin saboda yara sun ƙi jin magana. Na ce to in sun fara surutu me kike yi? Ta ce ɗaga murya. Wallahi sai da na ji tausayinta, don nima haka na fara, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa min gaskiya.

Gaskiyar ita ce ihu baya riƙe aji. Ranar farko za su tsorata, rana ta uku sun saba, daga nan kuma sai dai ka ƙara ƙarfin muryar har maƙogwaronka ya gaji su ko a jikinsu. In surutu ya tashi ka daina magana, ka tsaya cak inda kowa ke ganinka, ko ka taka a hankali zuwa kusa da mai surutun kana ci gaba da darasinka. Sau da yawa tsayuwarka kusa da bencinsa kawai ta isa, ba sai ka kunyata shi gaban abokansa ba.

Amma fa wannan baya aiki sai ka san sunayensu. "Kai mai zaune a baya" ba ɗaya bane da kiran yaro da sunansa. Ka zana yadda suke zama a takarda, ka rubuta suna a kowane gurbi, in ana kiran rajista ka dinga ɗaga kai kana kallon fuskar mai amsawa.

Sai maganar shiru bayan tambaya, wannan ita na fi so sabbin malamai su riƙe. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nazarci azuzuwa wajen 1972 ta gano cewa malamai na jira kamar sakan ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya, sai su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka sa su jira sakan uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" ta ragu. Sakan uku fa! Amma ka gwada ka gani, a gaban allo sai ka ji kamar awa guda ce, zuciyarka na ta ce maka yi magana mana, ka daure ka ƙirga a ranka. Yarinyar nan da kake ganin bata gane komai ba, wataƙila lokacin haɗa maganar kawai ake hana ta, kuma abin na min ciwo in na tuna yara nawa na tsallake a shekarata ta farko.

Shirin darasi kuma ka yi shi ya fi lokacin da aka baka yawa, don minti biyar ɗin ƙarshe in ba abin yi nan rigima ke ɓarkewa. Kar ka yi barazanar da ba za ka cika ba, in ka ce za ka duba aikin gida gobe to ka duba, suna lura sosai. In aka tambaye ka abin da baka sani ba ka ce zan bincika, ka dawo da amsar washegari.

Ita dai ƙanwar tawa na ce ta nemi tsohuwar malama ɗaya a makarantar ta roƙi a barta ta zauna a bayan ajinta ko sau biyu ne. Jiya ta turo min saƙo, ta haddace sunaye goma sha takwas, muryar ma ta fara dawowa.