Kafin a ɗaure kaya: harshen ƙasar da za a je

Gana ƙasashe uku ne suka kewaye ta, Togo da Burkina Faso da Kodebuwa, kuma duk Faransanci ne harshen da aka fi aiki da shi a ofisoshinsu. Ɗan Zango da ya tashi a Nima ko Aboabo da Hausa da Tonanci (wato Twi, harshen Asante) da Turanci a baki, da ya haye iyakar Aflawo ko Elubo sai ya zama kurma a gaban jandarma. Hausa za ta samar masa masauki da tuwo a Lome, amma ba za ta cike masa takardar kwastan ba.

Abin da aikin koyar da matafiya harshe ya nuna shi ne, yawanci ta baibai ake farawa. Ana ɓata watanni kan nahawu, alhali mai fatauci ƙirge ya fi buƙata. Faransawa saba'in ɗinsu sittin da goma ce, tamanin kuma ashirin sau huɗu, to a nan ake cin mutum wajen canjin sefa. Bayan ƙirge sai kalmomin yarjejeniya: albashi, awannin aiki, ranar hutu, wa zai biya kuɗin jirgin dawowa.

Masu zuwa ƙasashen Larabawa aikatau su ne abin tausayi. Larabcin Islamiyya na littafi ne, uwar gida a Riyad ko Kuwait ba shi take yi ba. Ga tsarin kafala, wanda ke ɗaure zaman ma'aikaci da ubangidansa, sau da yawa har fasfo ake karɓewa. Koke-koken cin zarafi ne suka sa gwamnatin Gana ta dakatar da tura 'yan aikin gida can a 2017. Duk takardar da ba a fassara maka ba, kada ka sa mata hannu, ko da dillalin ɗan unguwarku ne.

Turai kuwa shaidar iya harshe take nema. Mai bin miji ko mata zuwa Jamus galibi sai ya nuna matakin A1, wato matakin farko na iya Jamusanci, wanda ake jarrabawarsa a cibiyar Goethe ta Akara. Jami'o'in Faransa yawanci DELF B2 suke so, wato jarrabawar iya Faransanci, cibiyar Alliance Française na shirya ta a Akara da Kumasi.

Sai dai harshe ba ya maye gurbin takarda. A 1969 gwamnatin Firaministan Gana Busia ta kori baƙi marasa izinin zama, cikinsu har da waɗanda suka iya Tonanci kamar 'yan gida. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya, kuma da Turanci ɗaya ake magana a ƙasashen biyu. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ka a ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba, wanda zai wuce haka ya nemi katin zama tun wa'adin bai cika ba. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo, a kuma bar kwafin duka biyun a gida wurin wanda za a iya kira.