Ranar da Aka Ɗauke Sabis a Gusau

Ƙannena, ina aji biyu a jami'a na karanta wani gajeren labari na marubucin Ingila E. M. Forster, wanda ya fito a 1909. A cikinsa mutane sun koma zama ƙarƙashin ƙasa, kowa da ɗan ɗakinsa shi kaɗai. Wata babbar na'ura ce ke ba su abinci da iska, ta nan kuma suke gaisawa a allo. Ɗa ya roƙi uwarsa ta zo su gana ido da ido, ita kuwa tana ganin ɓata lokaci ne, ai ga shi tana kallonsa. Ƙarshe na'urar ta tsaya, duniyarsu ta rushe. Na yi dariya, na ce wannan ciwon Turawa ne, mu masu zumunci ina ruwanmu.

Sai ga Satumbar 2021, aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Kwana uku ina zaro waya daga aljihu ina latsawa, alhali na san babu sabis. Hannuna ne kawai ya saba. Da kaɗaici ya ishe ni na leƙa ɗakin kakata, wanda tsakaninsa da nawa bai kai taku goma ba.

"Maigida, yau an tuna da tsohuwar mata?" in ji ta.

Na zauna bakin tabarma, muka gaisa, sai magana ta ƙare mini. Ni da nake raba dare ina musu a WhatsApp! Ta miƙa hannu za ta ba ni goro, na ga tana lalube gefen faifan. Ashe yanar ido ta kusa rufe mata gani tun kafin azumi, kowa a gidan ya sani ban da ni. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ban ji komai ba a take, sai ka ce labarin wata na gani a Facebook. Kunyar ta zo ne daga baya.

Ban ce ku jefar da waya ba, ni ma da ita nake cin abinci. Amma in za ku shiga gaida tsofaffi, ku bar ta a caji. Ku zauna har shirun ya dame ku, kada ku tashi, don bayansa hira take fitowa. Tawa kakar sai a zama na huɗu ta fara ba ni labarin zuwan jirgin ƙasa Kaura Namoda, yadda ta ji shi daga bakin babanta.