Kafireta da ciyawar Minnesota

A Kano ciyawa abincin dabbobi ce, har kuɗi masu kiwo ke sawa su saya. A nan jihar Minnesota ta Amurka kuwa nauyi ce a wuyan mai gida ko ɗan haya. Cikin birnin Minneapolis, in ta wuce inci 8, hukuma na iya aiko maka da takarda, in ka yi biris a turo masu yanka sannan a caje ka. Gidan da muka kama haya yana bayan gari, filinsa babba, kuma an rubuta a yarjejeniya cewa yankan ciyawa nawa ne. Mai gidan ya bar mana wata tsohuwar ƙaramar tarakta mai injin Briggs & Stratton, irin wadda ake hawa a zauna.

Da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta taso a watan Mayu, sai taraktar ta ƙi aiki. In an sa cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga injin, za ta tashi, ana saki sai ta yi ta hawa da sauka, ta mutu. Uwargida ta ce, "Maigida, ko dai a kira masu gyara?" A lokacin aikin dare nake yi a wani sito, kuma kuɗin hannun bakanike a ƙasar nan da awa ake lissafa shi, ban da kuɗin zuwa ɗaukar injin. Amma wannan kukan ba baƙo ba ne a kunnena. Duk wanda ya yi zama da ƙaramin janareta a gida, ya tsuguna gefen mai gyara yana kallo, ya san injin da fetur ba ya isarsa. Kafireta ce, wato inda fetur ke gauraya da iska kafin ya shiga injin, ta toshe.

Dalilin dai shi ne ya bambanta. Mu a can ƙura da gurɓataccen mai ke jawo mana. A nan zama ne. Fetur ɗin gidajen mai yawanci yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda ke jan danshi daga iska. Injin yakan kwana a rumfa tun Nuwamba har Afrilu da mai a cikinsa, man ya tsufa, ya zama danƙo, ruwa ya kwanta a ƙasa.

Na fara cire wayar fulogi, na matse tiyon mai, na sauke matatar iska. Kafin in taɓa ƙarafunan da ke haɗa kafireta da gwamnan injin, wato abin da ke daidaita gudunsa, na ɗauki hotonsu a waya, domin akwai wani siririn sifirin da in ya koma ramin da ba nasa ba, injin ba zai daidaita ba. Sifanunsu ma da inci ake auna su, ba milimita ba, dole na aro rabin inci wurin maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya.

Da na kwance kofin da ke ƙasan kafiretar, wari ya bugo ni kamar tsohon fenti. Man ya yi jawur, ga farin gari-gari ya manne a gindin kofin. Na zare fulot, abin da ke yawo a kan mai yana tsayar da shigarsa in kofin ya cika, da allurarsa, na fito da jet. Ramin jet ɗin nan ƙanƙane ne ƙwarai, amma ta nan duk man da injin ke sha yake bi. Na ɗaga shi sama, ko ɗigon haske ba ya wucewa. Na fesa masa maganin wanke kafireta, na zura silin wayar tagulla a hankali. Nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna: in ka sa ƙarfe mai tauri ramin ya faɗaɗa, injin zai koma shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi. Robobin kafiretar kuma na ajiye su gefe, don maganin yana kumbura su. Na bi kowace kafa da feshi har ya fito ta ɗaya gefen, na sa sabon gaskit da sabuwar matatar mai. Tsohon man ba a zubar da shi a ƙasa ko a kwata, akwai wurin da ƙaramar hukuma ke karɓarsa.

Dattijon yana tsaye har na gama. Shi ya tuna mini cewa sai na zauna a kujera na taka birki kafin in murɗa makulli, kuma ya gaya mini akwai gidajen man da ke sayar da fetur marar itanol don ƙananan injuna. Injin ya tashi, na saki cok, ya ci gaba da tafiya sumul.

Takarduna na makaranta har yanzu ana kan tantance su, wannan abu yana ci mini rai. Amma kafin damina ta ƙare, dattijon ya kawo mini injinsa na kwashe dusar ƙanƙara, mai ciwo iri ɗaya, wanda ya yi niyyar jefarwa ya sayi sabo. Ta dalilinsa na san mutanen layinmu, waɗanda a da ɗaga hannu kawai muke yi wa juna daga cikin mota. Yanzu kowace Oktoba kafin sanyi ya shigo, nakan bi gidajen tsofaffin in tsiyaye musu man injinan yankan ciyawa, in bar su a kunne har su shanye ragowar su mutu da kansu.