Kafin ka biya kuɗin babur a garin Gadarif na Sudan, hau shi tukuna

Ka je da sassafe, injin bai yi zafi ba. Babur mai lafiya kik ɗaya ko biyu ya ishe shi. Tsaya bayan salansa a murɗa totur: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin ringi ya ci, injin yana shan baƙin mai.

Kada ka gwada shi a kwalta kawai, kwalta tana rufa wa babur asiri. Shiga hanyar gona, inda baƙar laka ta bushe ta tsattsage. A nan za ka san shokazoba. Idan bayan babur ya ci gaba da lilo bayan ka wuce rami, shokazoba ta mutu. Sassauta hannu kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya. In kan yana ja gefe, ko boris ɗin wuya ya lalace ko babur ya taɓa faɗuwa ya karkace. Sarƙa kuma ta yi wasan santimita 2 zuwa 3, kada ta wuce.

Ƙarfi sai da kaya ake gane shi. Ɗauki mutum, sa giya ta uku, buɗe totur. Inji ya yi kuka gudu bai ƙaru ba, kuloci ne yake zamewa.

A ganina, mai ɗaukar buhun riɗi ko dawa ya nemi Boxer 150, don ba ta nishi da nauyi. Ƙaramar Boxer 100 ta fi sauƙin juyawa a lungun kasuwa, ta kuma fi tattalin fetur, amma da mutum biyu a yashi sai ta sare.